Argungu: Daga Fagen Fama Zuwa Bakin Matan Fada

A shekarar 1934 Sarkin Musulmi Hassan ɗan Mu'azu ya ɗaura niyyar ziyartar Argungu. Tsakanin Sakkwato da Argungu ba wata tafiya ba ce, wajen kilomita 100 ne, amma dattawan da ke raye a lokacin sun san nauyin wannan hanya. A ƙuruciyarsu, in aka ce ga Sarkin Musulmi nan ya doso Kabi, ba shimfiɗa ake nema ba. Ƙofofin gari ake rufewa, maza su rataya kwari, a kai mata da yara cikin gida. Yanzu ga jikan Muhammadu Bello tafe, takobi a kube, baƙo ne da za a saukar a ba shi ruwa.

Sai maganar abin da za a tarbe shi da shi. Hawan dawaki? Wanda ya fito daga Sakkwato ba a burge shi da doki. Dambe da kokawa kuwa babu garin da ba a yin su da kaka. Abu guda Kabi take da shi wanda babu irinsa a fadar baƙon, shi ne ruwa da mutanen ruwa. Saboda haka Sarkin Kabi da 'yan majalisarsa suka tara masunta, aka buɗe gulbi, aka yi su a gaban Sarkin Musulmi, da makaɗa da masu kirari da jama'ar gari cike da gaɓa. Daga wannan ziyara ake ƙirga shekarun bikin kamun kifi na Argungu.

Gabar da aka zo binnewa a ranar tsohuwa ce ƙwarai, kuma sai an san ta ake gane dalilin da ya sa wasan kamun kifi ya zama maganar sarauta.

Daular Kabi ta tashi ne a farkon ƙarni na 16 a hannun Muhammadu Kanta. Jarumi ne da ya yi yaƙi tare da Askiya Muhammadu na Songhai, har ya bi shi yaƙin Agadas. Da aka dawo, rabon ganima ya haɗa su, Kanta ya ɓalle wajen 1516, Songhai ta turo masa runduna ya kore ta. Ya gina Surame ya kewaye ta da ganuwar dutse da ƙasa, wadda kufanta ke nan har gobe, ya kuma riƙe Gungu da Leka. Abin lura shi ne ƙarfin Kabi bai tsaya a kan doki kaɗai ba. Ƙasar tana kwance ne a kwarin gulbin da ya gangaro daga Sakkwato ya nufi Kwara, wanda ake kira Gulbin Kabi. Da damina ruwa yakan malale fadama, faɗin tafiyar sa'o'i, dokin baƙo ya rasa inda zai sa ƙafa, ɗan gida kuwa ya shiga jirgi ya wuce. Har ana ba da labarin cewa Kanta yana da wani babban jirgi da aka lulluɓe da tagulla, wanda yake zagaya ƙasarsa a ciki in ruwa ya cika. Ko labarin ya sami ƙari a bakin masu ba da shi, ya dai nuna irin sarkin da Kabawa suke tunawa.

Bayan Surame aka koma Birnin Kabi. Nan jihadin Shehu Usmanu ɗan Fodiyo ya same su, birnin ya faɗi a hannun rundunar Abdullahi ɗan Fodiyo a 1805. Masarautun Hausa da dama daga irin wannan faɗuwa ba su sake tashi a ƙasarsu ba. Kabawa sun ƙi. Sarkinsu Muhammadu Hodi ya ci gaba da faɗa har aka kashe shi, ƙanensa Sama'ila Karari ya kafa zama a Argungu, shi ma aka kashe shi a 1831. Aka ɗauki ɗansa Yakubu Nabame aka kai Sakkwato, ya zauna shekaru a fada ana sa masa ido. Da Sarkin Musulmi Aliyu Babba ya amince da shi ya bar shi ya koma gida, sai ya ɗaga tutar tawaye a 1849, Arawa da Zabarmawa da mutanen Dendi suka mara masa baya. Daga nan aka shiga yaƙin da ya ci fiye da shekara hamsin. An sami ɗan numfashi a zamanin Sarkin Kabi Abdullahi Toga, sulhun da ake kira Lafiyar Toga, amma bai kai shekara goma ba aka koma ruwa. Sannan Sama'ila ɗan Yakubu Nabame, wanda aka fi sani da Sama, ya hau a 1883. Shi ne wanda ake cewa ya ƙone garuruwa casa'in na abokan gaba. A farkon shekarun 1890 Sarkin Musulmi Abdurrahman ya tara mayaƙa ya doshi Argungu da kansa, ya koma bai ci garin ba.

Turawa ne suka raba faɗan, ba don sun sasanta kowa ba. Sama ya karɓe su a 1902, sojojinsu suka yi sansani a Argungu, kuma daga cikin rundunar da ta ci Sakkwato a 1903 akwai wadda daga nan ta tashi. Ladan da Kabi ta samu bai taka kara ya karya ba. Iyakar da Ingila da Faransa suka ja ta yanke mata yawancin ƙawayenta Arawa da Zabarmawa da mutanen Dendi, suka faɗa cikin ƙasar da ta zama Nijar. Tsohon babban birninta kuwa, Birnin Kabi, ya zama mazaunin Sarkin Gwandu. An daina harbi, amma zukata ba su sauka ba. Wannan ne halin da ake ciki har shekara talatin, kafin Hassan ɗan Mu'azu ya yi tattaki.

Shi kansa sun da aka nuna masa ba sabon abu aka ƙirƙira don baƙo ba. Kabawa suna da tsarinsu na ruwa tun kafin a san za a yi Argungu. Kifi yakan bi ambaliya ya shiga fadama ya yi ƙwai a cikin ciyawa. In ruwa ya fara janyewa bayan kaka, sai ya tattaru a gurabe masu zurfi da ba sa ƙafewa. To a nan doka take shiga. Ba kowane gurbi ake taɓawa ba sai mai ruwa ya ba da izini. Akwai Sarkin Ruwa, wanda kula da lafiyar gulbi ke hannunsa, akwai kuma Homa, shugaban masuntan Argungu. Ana yin gyaran ruwa, wato neman sa'a da tsari daga abin da ke cikinsa, daga kada har abin da ido ba ya gani, da yanka da sauran abubuwan da gidan sarautar ruwa ya gada. In an gama sai a yi fashin ruwa, a sanar da garuruwan kewaye, kowa ya zo da komarsa a faɗa gaba ɗaya. Akwai kuma gyaran gari da shan kabewa, waɗanda 'yan bori ke da hannu a ciki.

Wanda ya dubi wannan tsari da idon malami zai ga abin da za a yi wa wa'azi. Wanda ya dube shi da idon mai kiwon kifi zai ga hikima tsagwaronta. Hana kamu na watanni shi ke ba ƙaramin kifi damar girma, buɗewa rana ɗaya ga kowa da kowa kuma shi ke hana mai ƙarfi ya kwashe rabon mara ƙarfi da dare. Tsoron iskokin ruwa ya yi aikin da a yau ma'aikacin gwamnati da babur da takardar tara suka kasa yi. Ni a ganina nan ne gindin bikin Argungu. Sa'a guda ta kamun kifi da duniya ke zuwa kallo, shekara guda aka yi ana haƙuri kafin a same ta.

Abin da 1934 ta canja shi ne fuskar abin. Ba a yi wa Sarkin Musulmi yanka a bakin gulbi yana kallo. Sai aka raba biyu: abin da ya shafi tsafi ya koma bayan fage, masu shi su yi abinsu tun kafin baƙi su iso, abin da ya shafi gwaninta da nishaɗi kuma aka fito da shi fili. Rabon nan ne ya ba bikin damar rayuwa a ƙasar da malamai ke da baki, alhali bukukuwa da yawa irinsa a ƙasar Hausa sun mutu ko sun koma ɓoye. Aka kuma keɓe Matan Fada, wani reshen gulbi da ke gefen gari, ya zama ruwan da ba a shiga da koma sai ranar biki.

Ga yadda ranar take. Tun asuba masunta ke tururuwa, dubbai, daga Argungu da ƙauyukanta, da Yawuri, da bakin Kwara, da ƙetaren iyaka wajen Gaya da Doso. Kayan aikinsu biyu ne. Akwai koma, raga ce da aka ɗaura a jikin lanƙwasasshen icce, mutum ya riƙe ɗaya a kowane hannu ya buɗe su ya haɗe a ƙarƙashin ruwa. Akwai kuma gora, ƙatuwar ƙwarya mai ƙaramin baki a sama. Masunci yakan kwanta da cikinsa a kanta ta ɗauke shi a kan ruwa, hannuwansa suna aiki a ƙasa, in ya kama ƙaramin kifi ya jefa ta bakin. Babu taru, babu ƙugiya, babu mamari, balle inji. Ana tsayar da su nesa da gaɓa a jere, rana tana dukansu, kowa ido a kan ruwa. Da an harba bindiga sai ƙasa ta ɗauki rawa. Ƙura ta tashi, goruna suna karo da juna suna ƙara, cikin ɗan lokaci ka nemi ruwan ka rasa, sai kawunan mutane da bayan goruna.

A tsakiyar wannan hargitsi akwai jirage ɗauke da makaɗa. Ba don ado aka sa su ba. Suna kiɗa suna kiran gwanaye da kirarin gidajensu, wasu kuma suna girgiza goruna masu tsakuwa a ciki, hayaniyar tana firgita kifi ya bar zurfi ya nufi inda koma ke jiransa. Mai sauraro daga gaɓa ba ya rarrabe kiɗa da ihu da guɗar mata, duk sun zama abu ɗaya. Tarwaɗa da ƙarfasa da kurungu suna shiga gora ba wanda ya kula. Abin da kowa ke nema shi ne giwan ruwa. In mutum ya ci karo da babba a ƙasa, ba kamu ba ne kuma, kokawa ce. Sai ya nutse ya rungume ta, ya nemi hanyar zura igiya ta baki ta fito ta kunne, 'yan uwansa su kawo ɗauki, a ja ta zuwa gaɓa a ɗaga a nufi sikeli, jama'a na binsu a guje. Wadda ta yi nasara a 2005 ta kai kilo 75, sai da ƙarti huɗu suka ɗaga ta. Wajen sa'a guda ake yi a tashi.

Amma wanda ya je Argungu ya ga wannan sa'a kaɗai, kan biki ya gani bai ga jikinsa ba. Kwana huɗu ake yi, a tsakanin ƙarshen Fabrairu da Maris, lokacin da amfanin gona ya shiga rumbu, aljihun manomi da ɗan nauyi, zafin bazara kuma bai kankama ba. Akwai ranar kabanci, wato wasannin da Bakabe ke nuna cewa a ruwa aka haife shi: tseren jirage, ninƙaya, tsere a kan gora, nutso a ga wanda zai fi daɗewa, kamun kifi da hannu tsura, da kamun agwagwar ruwa, wadda takan wahalar da ƙato ta nutse nan ta ɓullo can, mutane na ta dariya. Yara ma suna da nasu rukunin, kuma a nan ake gane gidan da sana'ar ba ta mutu ba.

A tudu kuwa fage ne ko'ina. 'Yan dambe sun naɗe hannu da zare, mai kalangu yana zuga su, yana kiran sunan uban mutum da garinsu har sai tsikar jikinsa ta tashi ya fito yana kirari. Can 'yan kokawa ne da nasu gangunan, da layu a damtse, Arawa da Zabarmawa da Kabawa ana gwada ƙashi. 'Yan tauri suna yanka jiki da wuƙa tana lanƙwashewa. Samarin Fulani suna sharo, mutum ya ɗaga hannu a tsula masa bulala yana murmushi yana duba madubi. Wannan na ƙarshe yakan ba ni dariya in na tuna tarihi, don kakannin wasunsu da mashi suka zo bakin ganuwar nan, jikoki kuma ga su da kwalliya ana yi musu tafi.

In dare ya yi sai makaɗa su karɓi gari. A fada akwai nasu na gado, masu tambari da kakaki, waɗanda ba a yi wa kowa sai sarki, da masu algaita, da mawaƙan fada masu taushi da kotso. Fadar Kabi ba baƙuwa ba ce a wannan fage, ita ce ta riƙe Aliyu Ɗandawo, wanda har yanzu gidajen rediyo ke sa waƙoƙinsa, kafin gidansu ya koma Yawuri inda ɗansa Sani ya ci gaba. A cikin gari kuwa kowane lungu da nasa: mai goge, mai kukuma, mai gurmi, mata da kiɗan ƙwarya, 'yan kama da waƙoƙin abinci suna sa mutane riƙe ciki, 'yan gambara da bakinsu da ba ya da linzami. Ba tikiti ake saya ba. Makaɗi zai kafa kayansa, jama'a su yi da'ira, sanƙira ya shiga tsakiya yana leƙen fuskoki. In ya hango mai hali sai ya raɗa wa mawaƙi sunansa da na mahaifinsa da sana'arsa. Ba a jima ba mutum ya ji an ambace shi a gaban dubu, ya tashi ya yi kari, sanƙira ya ɗaga kuɗin ya faɗi adadinsu da ƙarfi, wani lokaci har da ɗan ƙari don na kusa da shi ya ji haushi ya fi shi. Haka makaɗan ƙasar Hausa suka rayu tun fil azal, kuma taro irin na Argungu, inda masunci ya sayar da kifi ɗan kasuwa ya yi ciniki, kaka ce ta biyu a wurinsu.

Mata ba sa faɗawa Matan Fada ranar babban su, amma cinikin biki a hannunsu yake. Su ke banda, su ke suya, su ke sayar da tuwon shinkafa da fura ga baƙin da suka cika gari har wasu na kwana a shago da tasha.

Shekarun farko abin na En'e ne da masarauta, ana yi gwargwadon hali. Gwamnatin Jihar Arewa ta fara sa hannu, daga baya kuma aka ƙara nunin amfanin gona da dabbobi, don malaman gona sun ga babu inda za su sami manoma a tare kamar nan. Babban sauyi ya zo bayan an ƙirƙiro jihohi a 1967, Argungu ta faɗa Jihar Arewa maso Yamma. A 1970, yaƙin basasa bai daɗe da ƙarewa ba, Janar Yakubu Gowon ya halarta tare da Shugaban Nijar Diori Hamani. Ƙasar da ta fito daga yaƙi tana neman abin da za ta nuna na haɗin kai, ga kuma biki da asalinsa sulhu ne. Zuwan Diori kuma ya yi ma'ana ta daban ga mutanen yankin, domin shi Bazabarme ne, daga cikin mutanen da suka tsaya wa Kabi a zamanin Nabame, waɗanda iyakar Turawa ta raba da ita. Daga nan aka fara kiran bikin na ƙasa da ƙasa. Kuɗin mai ya shigo, aka gina rumfunan kallo na siminti, da masaukin baƙi da ake kira ƙauyen masunta, aka ƙaro tseren motoci da na raƙuma da harbin kibiya. Duk wannan ya faru ne a doguwar sarautar Sarkin Kabi Muhammadu Mera, wanda ya hau a 1959 ya riƙe har 1996. Jiha ta canja suna sau biyu a kansa, Sakkwato a 1976, Kabi a 1991, biki yana bin duk wadda ta gaje shi. Tsohuwar fadar sarakuna kuma tuni ta zama Gidan Tarihi na Kanta, inda baƙo ke ganin makamai da kayan su da kaburburan sarakuna.

Ba za a ce shigowar gwamnati ba ta yi amfani ba. Ita ta kawo titi da wuta da 'yan jarida, ita ta sa sunan ƙaramin gari ya shiga kunnen mutanen da ba su san inda Sakkwato take ba. Sai dai wanda ya biya kuɗi shi ke tsara zama. Sannu a hankali rumfar manyan baƙi ta zama tsakiyar biki, gulbi ya koma gefe. Lokacin shiga ruwa ya daina bin rana da yanayin kifi, ya koma bin saukar jirgin babban baƙo. Masunta su yi ta tsayuwa cikin rana ana jawabi bayan jawabi, har ya taɓa faruwa haƙurinsu ya ƙare suka afka ruwa ba su jira bindiga ba. Makaɗan da a da suke zagaya gari su kafa inda suka ga dama, aka mai da su jerin ƙungiyoyin al'adu na ƙananan hukumomi, da anko, kowace ta yi minti biyar a gaban rumfa ta wuce. Kiɗan da aka yi wa ma'auni da agogo kuwa, ko mai shi ya san ba shi ba ne.

Kyauta ma ta sauya hali. Da can ladan gwani suna ne, da kifinsa, da waƙar da za a sa shi a ciki. Da kamfanoni da gwamnoni suka shigo, sai aka koma maganar mota da kujerar Makka da kuɗi masu kauri. Ga talakan masunci wannan arziki ne na rayuwa, kuma ba mai hankalin da zai yi masa baƙin ciki. Amma inda kyauta ta yi nauyi, dabara takan biyo. A 2008 aka ba wani mutum kambi da kifi mai kusan kilo 66, daga baya masunta suka yi ƙorafi, aka bincika, aka ce ba a Matan Fada aka kama shi da rai ba, shigo da shi aka yi. Aka ƙwace kambin. Waɗanda suka fara ganewa ba jami'ai ba ne, masunta ne, don mutumin da ya tashi a ruwa ya san bambancin kifin da ya mutu yanzu da wanda ya kwana.

Babbar barazana dai ba daga mutane masu wayo ta zo ba, daga sama da gulbi ta zo. An gama madatsar Bakolori a kan Gulbin Sakkwato a 1978, ta Goronyo a kan Rima ta biyo baya a shekarun 1980, ga kuma farin da aka sha a tsakanin nan. Ambaliyar da ke shimfiɗuwa a fadama kowace shekara, wadda kifi ke hayayyafa a cikinta shinkafa kuma ke sha, ta ragu, ta kuma daina zuwa a kan lokacinta. Yashi ya riƙa cike gurabe. Noman rani ya bunƙasa, injinan ban ruwa suka jeru a gaɓa kowanne yana zuƙa. Ba laifin manomi ba ne, shinkafar nan ita ce ta ɗaga Jihar Kabi har aka kafa babban kamfanin casa a Argungu a 2017. Amma ruwan ɗaya ne, masu buƙata sun yi yawa. A 2006 ruwa ya yi ƙarancin da dole aka hana shiga su. A 2010 kuma sai aka sami akasin haka, ambaliya ta sauko daga wajen Goronyo ta cinye gonaki da gidaje a Sakkwato da Kabi.

Bayan bikin 2009 sai shiru. Rashin tsaro ya mamaye Arewa, gwamnati ta ga ba za ta iya tara dubban mutane da baƙin ƙasashen waje a fili ɗaya ba, ga kuma halin da gulbin ke ciki. Shekara ta bi shekara. Rumfuna suka fara tsagewa, masaukin baƙi ya zama kango, yaron da aka haifa a lokacin ya shiga makaranta har ya yi nisa bai taɓa jin bindigar Matan Fada ba. A nan ne aka ga illar jingina biki kacokan a kan baitulmali. Kakannin waɗannan masunta sun yi fashin ruwa a shekarun da dawakin Gwandu ke kai hari bakin fadama, ba su fasa ba, don abin nasu ne kuma cikinsu ya dogara da shi. Da ya zama na kwamiti da kasafin kuɗi, rana ɗaya aka ce babu, sai babu. Ƙauyuka dai sun ci gaba da buɗe ƙananan gurabensu yadda suka saba, da makaɗansu da 'yan kallonsu, ba kyamara ba minista.

Wani abin mamaki, a tsakiyar wannan shiru ne hukumar UNESCO, a zamanta na Addis Ababa a ƙarshen 2016, ta sa bikin cikin jerin al'adun da duniya ta gada. An karrama biki a shekara ta bakwai da daina yin sa. Takardar ta ambaci Sarkin Ruwa da Homa da kabanci, abin da ke nuna masu rubuta ta sun san inda nauyin yake. Ta kuma zama abin tsokana ga hukuma, don da kunya a ce duniya ta san ka da abu kai kuwa ka ajiye shi.

A watan Maris na 2020, zamanin Gwamna Atiku Bagudu da Sarkin Kabi Sama'ila Muhammadu Mera, aka dawo. An yashe gulbi, an gyara rumfuna, Shugaba Muhammadu Buhari ya zo buɗe taro. Masunta suka fito da yawan da ya ba masu shiri tsoro, wasu da gorunan da suka shekara goma a rataye a ɗaki, wasu samari ne da wannan ne shigarsu ta farko. Giwan ruwan da ta ci gasa ta kai kilo 78, ta ɗara ta 2005, mai ita ya tashi da mota da kuɗi da kujerar Makka. Makaɗa suka kwana suna yi, masu banda suka sayar har suka rasa na sayarwa. A lokacin an riga an sami mai cutar korona na farko a Legas tun ƙarshen Fabrairu. Kafin watan Maris ya ƙare aka rufe Legas da Abuja, aka hana taruka a faɗin ƙasa. Da masu shiri sun ƙara mako biyu suna gyare-gyare, da shekara goman nan ta zama sha ɗaya.